Mai Ƙiftawa da Mai Zuba Ido

Hanyar Suomussalmi, tsakiyar Janairu,
ƙarfe uku na rana, amma duhu ya riga ya shimfiɗa tabarmarsa.
Allura huɗu a jakata, tsofaffi uku na jira,
ga daji fari fat, ba farko ba ƙarshe.

A kwanar da ke bayan tafki
motar ta ɗan murguɗa ƙugu,
sai ga wata 'yar fitila ruwan ɗorawa
a bayan sitiyari tana ƙifta mini ido:
hoton ƙaramar mota, da layi biyu a ƙarƙashinta
masu lanƙwasa kamar sawun maciji.
Na ji gurnani a ƙasan ƙafata,
totur ya yi sanyi ba da izinina ba.
Kafin in gama tsorata mun miƙe.
Fitilar ta mutu.
Zuciyata ce ta ci gaba da ƙiftawa.

Washegari na kai ƙara wurin Taisto,
bakaniken da ba ya kashe kalma biyu inda ɗaya za ta isa.
Ya goge hannu, ya kurɓi kofi, ya ce:

"Orvokki, ba laifi ta yi ba.
Kowace taya akwai mai ƙirga mata juyi.
Sitiyari ya ce hagu, jikin mota ya ce dama,
sai na'urar ta raba gardama:
ta taka wa taya ɗaya birki, ɗaya tak,
abin da ƙafarki ba za ta iya ba ko za ki shekara kina koyo.
In tana ƙiftawa, aiki take, ke dai ki sassauta.
Wadda za ki ji wa tsoro
ita ce wadda ta kunnu ta tsaya cak, ta zuba miki ido.
Wannan cewa take: na sauka,
ke da santsi ku ƙarata."

A Fabrairu kuwa ta tsaya cak.
Na kashe mota na tayar, tana nan.
Na laluba maɓalli ko hannuna ya taɓa shi, a'a.
Na lallaɓa kamar mai ɗauke da ƙwai a faranti.
Taisto ya shiga ƙarƙashi, ya fito da waya siririya,
gishirin titi ya cinye ta har ƙashi.
"Tayar baya ba ta lalace ba," in ji shi.
"An daina jin ta ne kawai."

Da wannan maganar a kunne na shiga gidan Aune,
mai shekara tamanin da bakwai, gida na ƙarshe a layina,
wadda ke tarbata tun daga ƙofa da ƙorafi:
gwiwa, hayaƙin murhu, ɗanta na Oulu da ba ya kira,
sanyin hannuna, kofin da na ajiye ba a mazauninsa ba.
Shekara shida ina cewa a raina:
wannan tsohuwa akwai mita.

Ran nan tana zaune bakin taga, ta harɗe hannu.
Yaya jiki? "Lafiya."
Gwiwar fa? "Lafiya."
Murhu a mace, burodin jiya ko gutsura ba a yi ba,
idonta a kaina, a kunne,
ba ƙiftawa.

Ko rigar sanyi ban cire ba na kira motar asibiti.

Sun ce huhu ne, kuma da an ƙara kwana ɗaya...
Ba su ƙarasa ba, ni ma ban tambaya ba.

Yanzu ƙanƙara na narkewa da rana, ta daskare da dare,
hanya ta fi ko yaushe mugunta.
Jiya a kwanar tafki fitilar ta ƙifta sau uku.
Na ɗaga ƙafa, na ce mata na ji.
Da na isa, Aune na bakin ƙofa da sanda:
"Kin makara.
Kuma cire takalmin nan, kada ki ɓata mini daɓe."